Daminar da Yaya Manu ya raba jar dawa

Bana ruwa ya yi jinkiri. Hadari yakan taso da la'asar ta wajen Ambursa, ya yi baƙi ƙirin, iska ta buga ƙofofi, sai kuma ya watse ya bar mu da gumi. Ina zaune a tsakar gidana nan unguwar Gesse a Birnin Kebbi, mafici a hannu, rediyo a gefe. Tun da Allah ya yi wa yayana Manu rasuwa, ba abin da suke yi a cikinta sai tarihinsa: kansila, shugaban ƙaramar hukuma, ɗan majalisa, sannan minista. Suna faɗin lokacin da soja suka tsare shi, da jam'iyyun da ya shiga ya fita, da hanyoyin da ya sa aka zuba wa kwalta. Kowa kuma da labari guda yake farawa, wato shekarar yunwa, lokacin da yana malamin firamare ya raba hatsi ya hana gidansu. Ni ce gidan nasu. Ni Dije, ƙanwarsa uwa ɗaya uba ɗaya, kuma wannan zafin na bana ya mayar da ni can.

Garinmu ƙauye ne a bakin fadama, tsakanin Argungu da Birnin Kebbi. Lokacin ba a yi jihar Kebbi ba, Sakkwato muke kallo. Noma biyu muke yi, gero a tudu, shinkafa a fadama. Ita shinkafar ba ruwan sama kaɗai take jira ba, sai gulbi ya kawo ya malale fadama ta sha. A daminar da ta gabaci yunwar, ruwa ya ɗauke a daidai lokacin da gero ke shirin fitar da kai, sai ya tsaya a gona ya yi fari ya bushe. Gulbi kuma bai kawo ba. Maza suka riƙa zuwa bakinsa safe da yamma suna duban inda ruwan ya tsaya. Abin da aka girbe bai rufe gindin rumbu ba.

Da rani ya kama, maza suka watse neman abinci. Mijina Garba ya bi ayari ya yi kudu, ya ce in koma wurin Inna kafin ya dawo. Na koma da ɗiyata Ramatu, ban daɗe da yaye ta ba. Yarinya ce mai ƙiba da surutu, tana bin kaji a tsakar gida tana kiran su da sunan da ita kaɗai ta sani. Babanmu ya riga ya rasu, don haka Yaya Manu ne namijin gidan. Bai yi aure ba tukuna. Albashinsa in ya zo ba ya kai ko'ina, domin matan baffanmu da 'ya'yansu duk sun tare a gidan, kasuwa kuma ko kana da abin saye ba hatsin.

Da farko kifi ya rufa mana asiri. Gulbi ya yanke ya zama tafkuna, kifi ya taru wuri guda, har yara na kama shi da hannu. Aka ci, aka banda, aka shanya. Sai tafkunan suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya, abin da ya rage ya ruɓe cikin laka, warin ya cika gari. Sarkawa, masuntan da kifi ne gonarsu, su yunwa ta fara kayarwa. Shanun Fulani kuma suka riƙa faɗuwa a gefen hanya. Ungulu ta ƙoshi har ta daina tashi in mutum ya zo wucewa.

Mu mata, da an sallame asuba sai mu ɗauki ƙorai mu nufi tafkin da ya rage, mu shiga laka har cinya muna tonon bado da ƙafa. Matsattsaku su manne mana, mu fito muna ɓanɓare su jini na bin ƙwauri. Kafin rana ta take mu dawo, domin ƙasa takan yi zafin da ba a taka ta. Mu yanka badon mu shanya, a daka shi da dusa a yi wani abu mai kama da tuwo. Bado ya ƙare, muka koma anza, 'ya'yan wani itacen daji. Ita anza ɗaci gare ta kamar maɗaci, sai an jiƙa ta kwana da kwanaki ana sauya ruwa kafin ta ciwu, ga ruwan kansa sai an bi layi a rijiya, guga na fitowa da rabin yashi. Inna, da tsufanta, ta koya mana tonon gidan tururuwa. Mu haƙa mu kwashe ɗan hatsin da suka tara, suna cizon mu, mu kawo a sheƙe. Turmi ya yi shiru a garin. Wanda bai zauna ƙauye ba ba zai san yadda shirun turmi da hantsi yake tsorata mutum ba.

An fita roƙon ruwa ba sau ɗaya ba. Maza suka juya rigunansu suka tafi filin idi, tsofaffi na kuka a fili. Mu muka tsaya daga baya da yara. Sama ta yi fari fat, ko gajimare babu.

Ana cikin haka aka ce gwamnati ta aiko da taimako. Motar farko da ta zo, a ƙofar manyan gari aka sauke ta, daga nan ba wanda ya sake ganin buhu, sai dai aka ga jar dawa ta bayyana a kasuwa. Mutane suka fusata, har aka yi jifa. Da mota ta biyu ta iso, dattawa suka ce ba za a sauke ta ko'ina ba sai a makaranta, kuma Malam Manu ne zai raba. Ya ƙi, suka matsa masa, ya karɓa. Amma ya kafa sharaɗi a gaban kowa: za a fara da unguwar Sarkawa da rugagen Fulani, inda ake binne yara kullum, sannan a biyo gari unguwa unguwa, tamu ce ta ƙarshe, gidanmu kuma shi ne ƙarshen ta ƙarshe. Direban ya ce wata motar na tafe bayansa. Kowa ya yaba. Ni ma na yaba, har na ji alfahari.

Dawar ja ce, daga wata ƙasa aka kawo ta, wasu na cewa can dabbobi ake ba. Tana da wani wari na ajiya, tuwonta kuma ba ya kama jiki. Amma ranar da aka fara rabo, na ji turmi na tashi daga unguwar Sarkawa, na tsaya da tsintsiya a hannu ina saurare.

Lokacin nan Ramatu ta riga ta canja. Anza ba ta karɓe ta ba, ta sa mata zawo. Ta daina bin kaji, kajin ma an cinye su. Gashinta ya yi ja ya yi laushi, ƙafafunta suka kumbura, in na danna da yatsa wurin ya lotsa ya daɗe bai dawo ba. Ba ta kuka sosai. Takan zauna inda na ajiye ta tana kallon bango. Inna ta ce abin da take bukata kunu ne na hatsin gaske, ko da cokali biyu ne safe da yamma.

Na yi ta juya abin a raina, har wata rana da hantsi na goya ta na tafi makaranta. Mutane sun cika fili, kowa da ƙwarya ko ɗan buhu, ba hayaniya, don ba mai ƙarfin yin ta. Yaya Manu na tsaye a ƙofar aji da mudu a hannu. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya hango ni sai ya miƙa wa wani dattijo mudun, ya ja ni bayan ajin.

"Mi yak kawo ki, Dije?"

Na kwance goyon na nuna masa ita. "Dube ta, Yaya. Mudu guda nika roƙo. Rabi ma ya isa."

Ya dube ta ya daɗe. Ya kai hannu ya taɓa ƙafarta, ya janye.

"Ba a kawo ga unguwarmu ba."

"Na sani. Ba unguwa taz zo ba, ni na zo."

"Dije, mutanen ga duka idonsu na bisa hannuna. In na ba ki yau, gobe ba ni da bakin hana ɗan sarki. Ki yi haƙuri, mota na tahe."

"In ba ta zo ba fa?"

"Tana zuwa, da yardar Allah."

Ya sa hannu a aljihu ya fito da wani ɗan ƙulli, guntun ƙuliƙuli ne da wani ya ba shi, ya danƙa mini. Na karɓa. Ban yi masa godiya ba, ban kuma zage shi ba. Na mayar da goyona na ratsa ta cikin mutane na koma gida. Da na faɗa wa Inna, sai ta ce, "Haka ubanku yake." Har yau ban san ko yabo ne ko kuka ba.

Ba zan ce ya ci ya hana mu ba. Ɗan abin da Inna ke zuba masa da yamma, turo mini shi yake yi ya ce a ba yarinya, alhali ba abin da cikinta zai riƙe ba ne. Sau ɗaya ma ya faɗi a bakin aji, sai da aka yayyafa masa ruwa. Buhunan suka ƙare saura unguwa biyu, tamu da ta maƙera.

Sai ruwa ya zo. Da azahar ne, iska ta taso ta ɗebe jinkar ɗakuna, sama ta tsage. Ƙamshin ƙasa ya bugi hanci, yara suka fita tsirara suna tsalle da siraran ƙafafunsu, tsofaffi na hamdala da ƙarfi. Inna ta shiga ɗaki ta janye gadonta, ta tone wani tulu da ta binne, cike da irin gero. Duk yunwar nan yana ƙarƙashinta. Na dube ta, ta kawar da kai ta ce, "In mun ci wanga, baɗi ba mu da gari." Washegari aka fita gayyar shuka, gonar wannan yau, ta wancan gobe, domin ba gidan da ke da hannun da zai iya shi kaɗai. Namiji ya sara rami kaɗan ya tsaya ya dafa sungumi yana haki. Mu muna biye muna jefa iri muna rufewa da diddige, kuma na ga mata da yawa suna jefa ƙwaya a rami, suna jefa wata a baki.

Ruwan da muka roƙa shi ya tsare motar. Hanyar da ta ratso fadama daga Argungu ta zama taɓo, aka ce motar ta kafe a can, an kasa fitar da ita. Aka yi ta ruwa ba ƙaƙƙautawa. Tafasa da rama suka fito, muka samu ganyen dafawa, manya suka ɗan farfaɗo. Amma ganye ba ya tsayar da zawon yaro. Ɗakin ya yi sanyi, bango na tsattsafo, na rufe Ramatu da zanena ina ɗura mata ruwan ɗumi. Wata safiya, ana yayyafi, na ɗaga ta in gyara mata kwanciya, na ji ta yi nauyin da ba nata ba.

Yaya Manu ne ya ɗauke ta zuwa maƙabarta, a hannunsa, cikin guntuwar tabarma. Da suka dawo ya tsaya a ƙofar ɗakina, ƙafafunsa duk laka. Ya ce, "Dije." Na ce, "Allah ya riga ya rubuta." Ya juya ya fita. Ba a daɗe ba maza suka je da jakuna suka kwaso buhunan daga inda motar ta kafe. Aka raba wa maƙera, aka raba wa unguwarmu, aka kawo na gidanmu a ƙarshe kamar yadda ya faɗa. Ni na daka shi, ni na tuƙa, na zuba wa kowa.

Geron ya yi kyau a shekarar. Da aka fara gasa tumu, gari ya cika da ƙamshi, ni kuwa na kasa kai shi baki. Garba ya dawo bayan girbi da ɗan buhun garin rogo a kai da wata 'yar riga ja da ya sayo. Tun daga zaure aka faɗa masa. Ya shigo ya zauna, rigar na hannunsa, bai tambaye ni komai ba.

Daga wannan damina sunan Yaya Manu ya fita. Da aka buɗe siyasa, Sarkawa da Fulani ne suka fara zuwa suka ce shi suke so. Ya ci kansila ba tare da ya roƙi kowa ba. Daga nan abin ya yi ta hawa. Ya bar alli, ya koma Sakkwato, ya wuce Legas, daga baya Abuja. Ya yi ƙiba, ya yi mata, ya yi gidaje. An tsare shi, an sake shi, an zage shi a gidan rediyo, an kuma dawo an yi masa waƙa. Ya yi wa mutane aiki, wannan ba mai musu. An kuma faɗi wasu abubuwa a kansa game da kwangila da filayen fadama, waɗanda ban sani ba, ban kuma tambaya ba. Amma duk zaɓen da ya tsaya, labarin jar dawa ne jarinsa. In abokan hamayya suka ce ya ci dukiyar jama'a, sai magoya bayansa su ce, mutumin da aka rasa rai a gidansu bai taɓa mudu guda ba?

Sau ɗaya na je taronsa, nan Birnin Kebbi, bayan an yi jiha. Aka zaunar da ni a rumfar mata, aka ba ni atamfa mai hotonsa. Makaɗa suka kama waƙar shekarar yunwa, jama'a na ihu, 'yan mata na rawa. Shi kuma da ya karɓi lasifika ya ba da labarin da bakinsa, muryarsa ta karye daidai inda ya kamata, fili ya yi tsit, sannan aka ɓarke da tafi. Matar da ke kusa da ni tana share hawaye ta ce mini, "Kin ji mutumin kirki." Na ce, "Na ji." Na tashi na nemi mai babur ya mayar da ni gida.

Bai taɓa yasar da ni ba. Gidan nan na Gesse shi ya saya mini bayan rasuwar Garba. 'Ya'yan da na haifa daga baya shi ya yi musu karatu. Kowane azumi mota takan tsaya a ƙofa a sauke shinkafa da gero da sukari, fiye da abin da za mu iya ci, in rarraba wa maƙwabta, har da Maman Dauda, 'yar Filato da ke ɗinki a gidan da ke kallon nawa. Yanzu fadamar da muka tona bado injin ban ruwa ne ke kuka a cikinta rani da damina, manyan motoci na ɗibar shinkafa, duk da haka mata na zuwa ƙofata da yamma da yara a goye suna sallama a hankali. In na ga ƙafar yaro ta kumbura, ba na jiran uwar ta gama bayani.

Shekarun nan duka, ni da shi ba mu taɓa zama mun yi maganar ba. In ya zo, da jama'a yake zuwa, a gaisa, a yi hoto, a tafi.

Zuwansa na ƙarshe daban ne. Ya dawo daga asibitin waje, an ce masa ya koma gida ya huta. Da la'asar sai ga shi da direba kaɗai, yana dogara sanda, rigar ta sake yi masa yawa. Ya ƙi kujera, ya ce in shimfiɗa masa tabarma a inuwa. Na dama masa fura, ya kurɓa kaɗan ya ajiye. Muka yi zancen Inna, da na mutanen garinmu da suka rasu, ya riƙa kiran sunayensu yana tambaya, ina cewa wannan ya tafi, wannan ma ya tafi. Can ya ciro carbi yana murzawa.

"Dije, kwanan ga ina yawan ganin yaron ga naki. In na rufe ido sai in gan shi a hannuna."

Na ɗauki faifai na rufe furar, shi kuma ya ci gaba.

"Ina son in sa a yi mishi sadaka, in gina rijiya da sunanai. Na yi ta nema cikin kaina, ya ɓace mini. Mi ne sunan yaron?"

Na dubi fuskarsa in ga ko ciwon ne ya taɓa masa tunani. Idonsa garau yake. Nan na tuna cewa a waƙar ma ɗa suke cewa, a bakinsa ma ranar taron ɗan ƙanwata ya ce.

Na ce, "Mace ce, Yaya."

"Mace?"

"Mace. Ramatu."

Carbin ya tsaya a hannunsa. Ya maimaita sunan a hankali, sau biyu, kamar mai koyon karatu. Sannan ya ce, "Shekarun ga duka ina faɗin namiji a gaban duniya, ba wanda ya gyara mini."

Na ce, "Ba wanda ya tambaye ni."

Ya sunkuyar da kai. Muka zauna haka har aka kira magariba, direban ya shigo ya kama shi ya tashi.